Rance Na Ba Ka, Aro Ka Maido

A gidanmu ba a cin bashi. Ba wai an zauna an kafa doka ba ne, halin mahaifina ne kawai, kuma ya riƙe shi fiye da yadda wasu suke riƙe sarauta. In gishiri ya ƙare, lami za a sha miyar ranar, ba za a leƙa maƙwabta ba. Na taɓa ganin Baba ya yini yana sassabe da wani tsohon gatari mai girgiɗi, alhali maƙwabcinmu yana da sabo jingine a zaure, har ya ce masa ya ɗauka. Baba ya yi godiya, ya ce nasa ma yana ci. In aka ce masa ai bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai ya shafa cikinsa ya ce shi dai nasa hanjin da shi aka haife shi, bai karɓo a hannun kowa ba. Mutane suna ganin girmansa a kan haka, ni ma ina taƙama da shi, har zuwa lokacin da na tashi neman na kaina.

Shekarun nan ne da ruwa ya riƙa ɗaukewa tun gero bai yi ido ba. Ƙauyenmu yana arewa da Kano, inda gona take manne da gona, in ka yi atishawa a taka na kusa da kai ya ce maka yarhamukallah. Gandun kakanmu an raba shi tsakanin Baba da 'yan'uwansa, abin da ya zo hannunmu ko a shekarar albarka da ƙyar yake kai mu bazara, balle yanzu. Tiyar gero ta yi tsadar da tsofaffi suka ce ba su taɓa ji ba, sabulu ya zama abin ɓoyewa a ƙasan adaka, masu shayi suka koma zuba madara kamar suna ɗiga maganin ido. Da an gama girbi, samarin garin sai su ƙulla 'yan tsummokaransu su bi mota cin rani.

Ni na taɓa zuwa sau ɗaya, na yi ga-ruwa a birni, kafaɗata kuwa ta rantse ba za ta koma ba. Ba lalaci ba ne kaɗai, ko da yake akwai shi. Baba gwiwa ta kama shi, yayyena mata duk suna ɗakunansu, in na tafi Inna ce za ta yi ɗiban ruwa da itace da jinya ita kaɗai. Shekarar da nake ba da labari Baba ya bar ni na zauna saboda ƙafar tasa, amma ya gaya mini a fili: in wata kakar ta zo ban kama sana'a ba, in bi 'yan'uwana, don rumbunmu ba zai ɗauki baki uku har damina ba. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi.

Sana'ar da na sa wa ido ita ce awo. Akwai wani Alhaji mai hatsi a kasuwar Ɗambatta da yake ba samari buhu ba tare da sun ajiye ko kwabo ba. Ka ɗauka, ka bi ƙananan kasuwannin ƙauye kana aunarwa tiya-tiya, kasuwa ta zagayo ka kawo masa kuɗinsa, abin da ya hau naka ne. Ba wata riba ce ta a zo a gani ba, amma mutum yana kwana a ɗakinsa.

Na wanke rigata ta Juma'a na tafi. Na same shi zaune a kan buhu a rumfarsa, hannu ɗaya yana jan carbi, ɗayan yana cikin gero yana murzawa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi ɗan wanda nake. Ashe ya san Baba, har ya yabe shi. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya tambaye ni bashin wa na taɓa ci. Na gyara zama, na ce ni ban taɓa ci ba, ubana bai taɓa ci ba, kakana ma ban ji labari ba. Ina faɗa ina kallon buhunan, ina zaɓen wanda ya fi cika.

Ya ce, "To ni yanzu wa zan tambaya a kanka?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Yaro, wanda bai taɓa shiga kogi ba, ba a ce masa gwanin iyo don bai taɓa nutsewa ba. Ubanka mutumin kirki ne, amma ban san yadda jininku yake ba in ana bin ku."

Ya ce duk wanda ya ba buhu daga yankinmu, da bakin yayarsa ya ba shi, wata tsohuwa da take zaune a garinmu. In ta ce a ba ni, ko ba ya nan za a ɗora mini. Na taso raina a ɓace. Duk hanya ina faɗa da shi a zuci: wato ɗan iskan da ya ci ya biya sau ɗaya ya fi ni da ban taɓa taɓa na kowa ba. Kafin in iso gida faɗan ya huce, dabara ta zo mini.

Tsohuwar nan kowa Iya yake ce mata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tsufa ya ba ta damar zama a zaure, a nan take sayar da daddawa da gishiri da kanwa da ɗan hatsi. Rabin garin da rancenta suke ƙetare bazara. Komai a kanta take riƙewa, kuma ba a taɓa jin ta yi kuskuren sisi ba. Ƙawar kakata ce, saboda haka tun ina yawo ba wando take kirana angonta, tana yi mini gorin ban taɓa kawo mata cefane ba. Na je na zauna a bakin tabarmarta na ce ina son rancen naira biyu zuwa Juma'a, amma don Allah kada Baba ya ji. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce tsakanin miji da mata wa yake shiga. Ta kwance haɓar zaninta ta ba ni.

Dabarar tawa mai sauƙi ce. Tunda abin da ake so a gani shi ne na karɓa na mayar, to me zai kai ni taɓa kuɗin? Na sami wani tsohon gwangwanin madara, na sa su a ciki, na cusa a jinkar ɗakina. Tun ranar Alhamis na zaro su na kai mata, har ina ba ta haƙurin jinkiri don ta ce ai ban yi ba. Ta karɓa ta ɗaure. Mako ya zagayo na karɓi uku, daga nan biyar. Kuɗi su kwana a jinka su koma haɓar zani, ni kuwa ina tafiya a gari ina jin kaina wani babban ɗan kasuwa, har na fara tausayin abokaina da Allah bai ba su irin kaina ba. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne ƙanshin tsire ranar kasuwa, ina sane da naira biyar tana can kwance a jinka ba ta aikin komai.

Da na ga tafiya ta yi tafiya, ran nan bayan na miƙa mata kuɗin sai na ce, tunda yanzu ta ga halina, ko za ta ɗan sa baki a wurin Alhaji. Ta kai takardar kuɗin hanci, sannan ta miƙo mini ta ce in shinshina. Daddawa ce zalla. Ta nuna mini ninkin, irin nata ne, ƙanƙane kamar laya, ko warware shi ban taɓa yi ba. Ta buɗe ta nuna mini wani ɗigon manja a gefe, ta ce wannan takardar ba yau ta fara zuwa gidanmu hutu ba.

"Ango, rance na ba ka, aro ka maido mini."

Na ce ai duk ɗaya ne, kuɗinta dai sun dawo cif.

"Ba ɗaya ba ne. Turmi ake aro, da tsani, da tabarmar biki, a maido su yadda suke. Rance cinye shi ake yi, ya ɓace, sannan mutum ya nemo wani ya kawo. Ni nemowar nake son gani. Abin da kake yi asusu ma yana yi, kuma shi ba ya cin tuwo."

Daga ranar ta sauke ni daga ango ta naɗa ni Asusu. In na yi sallama sai ta ce, shigo Asusu, yau me za a ajiye. Kunya ta kama ni, amma ba irin wadda take gyara mutum ba, irin wadda take ƙara masa wayo. Na ce ashe wari da ninki ne suka tona ni. Karo na gaba da na karɓa, sai na wuce wurin mai shayin bakin titi na roƙe shi ya canza mini da wasu takardun. Ya ba ni wasu tsofaffi masu laushi, suna warin kananzir da hayaƙi. Na ƙara cukuikuye su a tafin hannu don su yi kama da waɗanda suka sha wuya, suka yi kwanakinsu a gwangwani, na kai mata ina ɗingishin gajiya.

Ta shinshina, ta gyaɗa kai, ta ce lallai waɗannan sun yi yawo. Sai ta tambayi abin da na saya. Na ce albasa. Ta ce madalla, nawa na sari kwando. Na faɗi abin da ya zo bakina. Ta ce a nawa na sayar da kashi. Na sake faɗa. Ta yi lissafi da yatsu, sannan ta ce in dai haka na saya haka na sayar, to na yi asarar fiye da rabin uwar kuɗi, kuma ga shi na kawo su cif, saboda haka ko dai ina da aljani, ko kuma a mafarki na sayi albasar. Ta ce in miƙo hannuna. Ta shinshina shi ma, ta ce wannan hannun rabonsa da albasa tun miyar jiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa ko gwiwa bai kai ba. Na tashi zan sulale, ta ce in dawo in zauna, ba ta sallame ni ba.

A bayan gidanta akwai wata bishiyar mangwaro, irin mai zaren nan, lokacin kuwa bazara ta kankama, 'ya'yan sun fara nuna. Duk shekara a tsaye take sayar da ita ga masu sari. Ta ce bana ni ta sayar wa, naira ashirin, in biya in na gama sayarwa. Na ce ni kuɗi na saba karɓa. Ta ce ta sani.

"Ga rance can a sama. Ka kai shi inda kake kai na kullum ka ajiye in gani."

A gida na ce Iya ce ta sa ni in sayar mata da mangwaro. Baba ya ce taimakon tsoho akwai lada, in riƙe amana. Ban yi masa ƙarya duka ba, ban kuma gaya masa gaskiya duka ba.

Ban san mangwaro yana da maƙiya da yawa haka ba sai da ya zama nawa. Da rana yaran gari da duwatsu, wasunsu ma ni na koya musu jifa. Da magariba jemagu. Iska in ta taso gabanin hadari sai ta kakkaɓe mini na kwanaki a lokaci ɗaya, su fashe a ƙasa, awaki su taru walima. Wanda na tsira da shi in cika kwando in ɗora a ka har bakin titi, in tarar kowa da kwandonsa, don mangwaron duniya duk rana ɗaya yake nuna. Ga shi shekarar yunwa, wanda ya sami sule hatsi yake nema, ba abin da zai maƙale masa a haƙori ba. Direbobi su tsaya su taya kamar suna zagi. In ƙi sayarwa da safe, da yamma in bi su ina roƙo da rabin abin da suka taya. Wanda ya kwana ya yi laushi, wanda ya yi laushi ƙudaje su karɓe shi kyauta. Don kada a yi asara na riƙa shanye waɗanda suka fara lalacewa, har cikina ya ɓaci, na koma sintiri tsakanin ɗaki da bayan gida, kwando kuwa yana can yana jira na yana ruɓewa.

Da bishiya ta ƙare na zazzage aljihu na ƙirga. Naira goma sha biyu da 'yan sulalla. Na sake ƙirgawa ko za su haihu, ba su haihu ba. A karo na farko a rayuwata ana bi na bashin gaske, wanda ba ya cikin jinka, ba ya ko'ina. A nan na gane abin da yake sa mutane canza hanya. Zauren Iya yana kan hanyar masallaci, ni kuwa sai na gano wata 'yar siririyar hanya ta bayan darnuka, mai ƙaya da kashin awaki, na ce ai ta fi kusa. Na manta hanyar ta bi ta jikin darnin gidanta. Ran nan ina saɗaɗawa za ni la'asar, sai na ji murya ta cikin kara.

"Asusu, masallacin ne aka mayar bayan gida?"

Ba yadda na iya, na zagayo na shiga zaure na zube mata abin da na samu. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta sa ni na ba ta labarin tun daga farko, jemagu, direbobi, ciwon ciki, tana dariya har tana share hawaye da gefen mayafi. Wurin ciwon cikin sai da ta sa na maimaita. Da ta gama ta ƙirga kuɗin, ta mayar mini da sulallan ta ce in sayi sabulu. Saura naira takwas tana bi na, ba ta yafe ko kwabo ba, ba ta kuma sa mini rana ba. Na ce maganar Alhaji fa. Ta ce in na kawo saura ma yi ta. Ta ƙara da cewa in zan wuce in riƙa bi ta ƙofa, don gaisuwa ba ta cikin bashin.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. In na gama da gonarmu sai in tafi ƙwadago a gonakin masu hali. Shekarar masu neman aiki sun fi gonakin yawa, sau da yawa da 'yar dawa ake sallamar mutum, ita kuwa tukunyar Inna take tafiya, sai ɗan abin da ya zo a kuɗi nake ɓoyewa. Kullum in bi ta zauren Iya in gaishe ta, ta tambaye ni lafiyar cikina. Na kai mata naira ɗaya, ta shinshina ta ce wannan kam warin gumi take yi, ta ɗaure. Ban kai ga kawo ta biyu ba zazzaɓi ya kwantar da ita. Ba a daɗe ba, wata safiya muna gona aka aiko Iya ta cika.

Bayan an dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanta. Alhaji ya zo daga Ɗambatta, yana zaune kusa da liman, idonsa ja. Baba ya dogara sandarsa ya zo, ina gefensa. Da aka yi addu'a, liman ya yi sanarwar da ake yi: duk wanda yake bin marigayiya wani abu ya faɗa a sauke mata nauyi, wanda kuma take bi ya ji tsoron Allah ya faɗa, don yanzu haƙƙin magada ne. A ta farkon ba wanda ya motsa, don Iya ba ta cin na kowa. A ta biyun ma ba wanda ya motsa. Manyan mutane da gemunansu kowa ya sami abin kallo a tsakanin yatsun ƙafarsa. Kan da yake riƙe da lissafin garin ɗazu muka baro shi a ƙasa, kowa kuma ya san haka.

Ba zan ce tsoron Allah ne kaɗai ya yi aiki a zuciyata ba. Yana ciki, don mun sha jin wa'azi a kan nauyin haƙƙin mamaci. Son tsohuwar nan ma yana ciki. Amma akwai lissafi. In ta riga ta gaya wa ƙanenta, shiruna ya kashe maganar buhu har abada, sai ga-ruwa. In ba ta gaya masa ba, maganata za ta ci mini naira bakwai, ta kuma zubar da abin da Baba ya yi shekara da shekaru yana tarawa, a gaban duk garin, yana zaune. Na auna ta nan, na auna ta can, har yau ban san wanne ne ya rinjaya ba. Na dai ji gwiwoyina sun miƙe.

Na ce, "Tana bi na naira bakwai. Kuɗin mangwaro."

Ban dubi Baba ba, amma na ji lokacin da numfashinsa ya tsaya. Sai na ji motsin hannunsa a aljihu. Akwai 'yan kuɗin akuyar da ya sayar don maganin gwiwarsa, ƙulle a hankici. Ya fara kwancewa yana cewa a karɓa yanzu-yanzu kafin a tashi daga nan, gidansa ba a kwana da na mutane. Alhaji ya taso daga inda yake, ya durƙusa a gabansa, ya dafe hankicin.

"Malam, mayar. Wannan bashin nasa ne, shi ya ci, shi ya faɗa. Kada ka ƙwace masa."

Baba ya dube shi, sannan ya mayar da hankicin aljihu. A bayanmu wani ya yi gyaran murya ya ce shi ma akwai 'yar dawa da ya karɓa da bazara. Wani ya tuna da kuɗin kanwa. Kafin a shafa fatiha mutane da dama sun tuna abin da suka manta, kuma kowannensu sai ya harare ni kafin ya faɗa. Akwai wanda har aka yi maimai a gona ba ya amsa gaisuwata.

Da jama'a suka ragu na matsa kusa da Alhaji na yi masa ta'aziyya, na kuma kasa haƙuri na tambaye shi ko Iya ta taɓa yi masa maganata. Ya ce ko sau ɗaya. Ya ce shi bai ma san ina zuwa wurinta ba, don yayarsa ba ta faɗin wanda take bi, sai wanda ya gama biya. Wato duk zirga-zirgar da na yi tun rani babu wanda ya sani sai ni da ita, kuma da na yi shiru da shi ke nan. Abin da zuciyata ta fara cewa shi ne, kash, naira bakwai. Sannan na tuna na roƙe ta kada Baba ya ji, ta kuwa riƙe har kabari, ko sunan tsokanar da ta sa mini ba ta taɓa kirana da shi a gaban mutum ba. Na zagaya bayan gidan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Baba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Daminar nan gaba ɗaya magana tsakaninmu ba ta wuce ta gona ba. In za mu masallaci ya daina dafa kafaɗata, sandarsa kawai yake dogarawa. Abin ya dame ni ƙwarai, don ban san nauyin hannun nan yana da daɗi ba sai da aka ɗauke shi. Na ci gaba da ƙwadago. Duk abin da na haɗa, ranar kasuwa in taka har Ɗambatta in kai wa Alhaji, wani lokaci abin da na kai bai kai kuɗin motar da ban hau ba. Ya karɓa, ya faɗi abin da ya rage, ya koma kan carbinsa. Bai taɓa ce mini sannu ba, bai kuma taɓa ambatar buhu ba, ni ma na kama bakina. Na cika na ƙarshe ana ɗaurin dawa.

Ranar ya ƙirga, ya ce shi ke nan, Allah ya jiƙan Iya. Na ce amin, na miƙe zan tafi. Ya ce ina za ni, wa zai ɗaukar mini kayana. Ya nuna wani buhun gero da carbinsa, ya faɗi kuɗinsa, ya ce kasuwa biyu ya ba ni tunda farko ne. Da mota ta kawo ni bakin titinmu na tarar da abokaina da ƙullin kayansu suna jiran ta kudu. Su suka taya ni sauke buhun, suna tsokanata wai na zama Alhaji. Wani mai jaki ya kai mini ƙofar gida.

Baba yana zaure a kan buzunsa. Ya dubi buhun, ya dube ni.

"Na wa ne?"

"Na Alhaji ne, Baba, sai na sayar."

Ya dogara sanda ya miƙe, ya janye buzunsa daga lungun da ya saba zama, inda gara ba ta zuwa. Ya sa na kawo itace biyu aka ɗora buhun a kai don kada ya taɓa ƙasa. Ya zagaya shi yana latsa bakin, ya ce ɗinkin nan bai yi ba, ɓera zai sami hanya, in kawo masa basilla. Ya zauna ya sake ɗinke shi da kansa. Da aka yi isha Inna ta ce in gaya masa an gyara shimfiɗa, ya ce in gaya mata a nan zai kwana, kayan mutane ba a barin su su kaɗai a zaure. Haka ya yi ta kwana a wurin, da gwiwar tasa da sanyin kaka, har na auna tiyar ƙarshe na kai wa Alhaji kuɗinsa. Da na dawo da buhu na biyu, na tarar ko buzun bai mayar ciki ba.